Tarihin Aika Zane Zuwa Injin Sassaƙar Allon Lantarki da Darasinsa ga Zongon Kwatano

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin yadda ɗan'adam ya kai ga zana allon lantarki a kwamfuta, ya aika zanen zuwa ƙaramin inji da ke kan tebur, injin kuma ya sassaƙa masa allon a ranar. An faro daga katin masaƙa na shekarar 1804, aka ratso ta injunan sojan saman Amurka na shekarun 1950, har aka iso ɗakunan ƙere-ƙere na Takoradi da Lome da Kwatano. Abin da muƙalar ta tsaya a kai shi ne, a kowane mataki na wannan tarihi, wanda ke rubuta umarni shi ne ke riƙe da akalar sana'ar. Daga nan aka dubi abin da hakan ke nufi ga al'ummar Zongo, waɗanda suka daɗe suna cin abinci da fatauci da dillanci.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo, ko ya tsaya gaban mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a wata rumfa a Kwatano, ya ga wani ɗan allo, galibi kore, mai siraran hanyoyi a jikinsa kamar taswirar gari. A kan wannan allo ake dasa ƙananan kayan da ke sa na'ura ta yi aiki, hanyoyin kuwa su ke ɗaukar wutar lantarki daga wannan kaya zuwa wancan. Idan allon ya ƙone, na'urar ta mutu ke nan, kuma sau da yawa mai gyara ba shi da abin yi illa ya ciro wani daga matacciyar na'ura irinta, ko ya jira a kawo daga ƙetare.

A yau akwai inji wanda girmansa bai wuce na keken ɗinki ba, wanda ke iya sassaƙa irin wannan allo daga zanen da aka aika masa. Ganinsa yana aiki zai sa mutum ya ɗauka abu ne mai sauƙi: an latsa, ya yanka. Amma tsakanin zanen da yankan akwai harsuna biyu ko uku da ake fassara saƙon a cikinsu, kuma kowane harshe yana da ranar haihuwarsa da dalilin da ya haife shi. Tarihin waɗannan harsuna shi ne abin da za a bi a nan.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

An zaɓi "allon lantarki" ne saboda kamanni. Kalmar allo aro ce daga Larabci, ta shigo tare da karatun Alƙur'ani, kuma Bahaushe ya san allo a matsayin faffaɗan abu da ake ja wa layuka masu ma'ana. Allon lantarki faranti ne da wuta ba ta ratsa shi, kaurinsa galibi milimita 1.6, an lulluɓe fuskarsa da jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.035, wato kimanin rabin kaurin silin gashi.

"Sassaƙa" kuwa ta dace da aikin injin domin ragewa yake yi. Masassaƙi ba ya ƙara wa itace komai, cire abin da ba a so yake yi har turmi ko akushi ya bayyana. Haka wannan inji: yana kankare jan ƙarfen da ba a buƙata, ya bar hanyoyin. Sunan da aka fi saninsa da shi a duniya shi ne CNC, haruffan farko ne na kalmomin Ingilishi uku da ke nufin sarrafa inji da lambobi ta hanyar kwamfuta. A wannan muƙala za a kira shi injin sassaƙa, a kira ɗan ƙarfen da ke juyawa yana yanka "haƙori".

3.0 Yadda Umarni Ya Bar Hannu Ya Koma Rubutu

3.1 Katin Masaƙa

A shekarar 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya kammala wani injin saƙa da ke karanta jerin katunan da aka huda. Inda akwai huda zare ya ɗaga, inda babu ya kwanta. Kafin nan adon zane yana cikin kan masaƙi da hannun yaron da ke ja masa zaruruwa. Bayan nan adon ya koma cikin kati, ana iya ajiye shi, a kwafe shi, a sayar, a kai wani gari. Wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya: an raba ƙwarewa da jikin mai ita, an mai da ita kaya.

3.2 Parsons da Sojan Saman Amurka

An yi kusan shekara 150 kafin wannan dabara ta kai ga yankan ƙarfe. A shekarun 1940 wani ɗan masana'anta mai suna John T. Parsons yana ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a garin Traverse City na jihar Michigan. Lanƙwasar fiffiken tana da wuyar fitarwa da ido. Shi da injiniyansa Frank Stulen suka yi amfani da na'urorin lissafi na kamfanin IBM, masu aiki da katin huda, suka fitar da ɗaruruwan lambobi, kowace biyu suna nuna matsayi guda a kan lanƙwasar. A ɗakin aiki mutum ɗaya yana karanta lambobin, wasu biyu suna murza hannayen injin, ɗaya na tsaye, ɗaya na kwance.

Parsons ya ga cewa idan lambobi ne ke jagorantar hannu, to ana iya cire hannun. A 1949 sojan saman Amurka suka ba shi kwangila, aikin kuma ya koma hannun Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT. A 1952 cibiyar ta nuna injin sassaƙar ƙarfe da ke karɓar umarni daga dogon zirin takarda mai huda, yana tafiya ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Waɗannan su ne X da Y da Z da ake gani a kowane injin sassaƙa har gobe.

3.3 Haihuwar Harshen Inji

Rubuta lambobin da hannu yana cin kwanaki. Saboda haka daga 1956 wani rukuni a MIT ƙarƙashin Douglas Ross ya shiga tsara harshen APT, wanda injiniya zai bayyana siffa da shi, kwamfuta ta fitar da lambobin. Sai wata matsala ta taso: kowane kamfanin injuna da irin yarensa. A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar da ƙa'idar RS-274 domin a daidaita. Ita ce aka sani yau da G-code, domin yawancin umarninta da harafin G suke farawa. Harshe ne mai ƙarancin kalmomi. G00 na nufin tafi can da sauri ba tare da yanka ba, G01 na nufin tafi a miƙe kana yanka, M03 kuma kunna juyawar haƙori. Fiye da shekara 60 ke nan, har yanzu da shi ake yi wa injuna magana.

3.4 Hanyar da Aka Bari

Masanin tarihi David Noble, a littafinsa Forces of Production na 1984, ya nuna cewa akwai wata hanyar da aka gwada a shekarun 1940, har a kamfanin General Electric. A wannan hanya ƙwararren maƙeri ne ke yin aikin sau ɗaya da hannunsa, na'ura tana naɗar motsinsa, daga baya ta riƙa maimaitawa. Da ita ta yi nasara, da maƙeri ne marubucin umarni. Hujjar Noble ita ce, an fifita hanyar lambobi ba domin ingancinta kaɗai ba, har da cewa tana ɗauke iko daga ɗakin aiki ta kai shi ofis, abin da ya yi wa manajoji da sojoji daɗi. Akwai masanan da suka saɓa masa, suna cewa sassan jiragen yaƙi na lokacin sun wuce abin da hannu zai iya fitarwa. Ko wane ɓangare mutum ya bi, sakamakon bai ɓoyu ba: aikin ya rabu gida biyu, mai rubuta umarni da mai tsaron inji, kuma daraja da albashi suka bi na farko.

4.0 Allon Lantarki da Harshen Gerber

A ɗaya gefen, allon lantarki yana nasa tarihin. Rediyon farko da wayoyi ake haɗa kayansa, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Paul Eisler, injiniya Bayahude ɗan birnin Biyana da ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1936, shi ya yi tunanin a buga hanyoyin wuta a kan faranti kamar yadda ake buga rubutu a maɗaba'a. Ya nemi rajistar fasahar a 1943. Amurka ta yi amfani da irin wannan dabara a kayan yaƙin duniya na biyu, bayan yaƙi kuma ta shiga kasuwa. Hanyar da ta kafu ita ce ta sinadari: a rufe wuraren da ake so da abin da sinadari ba ya ci, a tsoma farantin, sinadarin ya cinye sauran jan ƙarfen. Wanda ya san adire ya san wannan hikima, inda ake kare wani sashe na yadi kada baba ta kama shi.

To amma wa zai zana hanyoyin daidai, ba kuskuren ko da rabin milimita? A nan sunan Joseph Gerber ya shigo. An haife shi a Biyana a 1924, 'yan Nazi suka tsare shi a sansanin aikin tilas yana ɗan shekara 15, ya isa Amurka a 1940 tare da mahaifiyarsa. Ya kafa kamfaninsa a 1948. A shekarun 1960 kamfanin ya fitar da na'urar da ke zane da haske a kan fim ɗin hoto. Fitila ce ke tafiya bisa lambobin X da Y, hasken yana fita ta ƙananan kafofi masu girma daban-daban da ke jikin wani faifai mai juyawa. Harshen da aka yi wa wannan na'ura ɓangare ne na RS-274 ɗin nan na injunan ƙarfe, kuma umarninsa na asali uku ne: D01, tafi da fitila a kunne, D02, tafi da ita a kashe, D03, ƙyafta sau ɗaya a nan.

Kamfanin ya wallafa ƙa'idar harshen a 1980, masana'antu suka karɓe ta. A 1998 sashen ya koma hannun kamfanin Barco na ƙasar Beljiyam, aka bunƙasa sigar RS-274X wadda ke ɗauke da bayanin kafofin a cikin fayil ɗin kansa. Kamfanin Ucamco ne ke kula da ƙa'idar yanzu, ya kuma ƙara sigar X2 a 2014. Faifan fitilar ya daɗe da shiga gidan tarihi, amma duk fayil ɗin Gerber da aka aika yau yana maganar kunna haske da kashe shi. Ɗalibin harshe ya san irin wannan: abu ya ɓace, kalmarsa ta zauna, kamar yadda Bahaushe ke cewa "ko anini ba ni da shi" alhali an daina kashe anini tun tuni. Hudojin allo kuwa da wani fayil dabam ake aika su, mai suna Excellon, sunan kamfanin da ke ƙera injunan huda ne.

5.0 Inji Ya Sauko Kan Tebur

Hanyar sinadari ta dace da masana'antar da ke buga dubban alluna. Ga injiniyan da ke son allo ɗaya tak domin gwaji, wahala ce da ɓata lokaci da dattin sinadari. Kamfanin LPKF na Jamus, wanda aka kafa a 1976, ya yi suna da wata dabara: a bar sinadari, a sa haƙori ya kewaye kowace hanya da yanka, ya raba ta da sauran jan ƙarfen. A nan ne koguna biyu suka haɗu, na Parsons da na Eisler. Sai dai injunan suna da tsada, jami'o'i da manyan kamfanoni ne ke iya saye.

Abubuwa uku suka karya farashin. Na farko shi ne tafiyar Fab Lab. A 1998 Farfesa Neil Gershenfeld ya fara koyar da wani darasi a MIT kan yadda mutum zai ƙera kusan duk abin da yake so. Daga cibiyar da ya kafa a 2001 aka fara buɗe ƙananan ɗakunan ƙere-ƙere a wajen jami'a. Cikin na farko-farko akwai na Vigyan Ashram a ƙauyen Pabal na Indiya a 2002, da na Kwalejin Fasaha ta Takoradi a Gana a 2004. Ke nan Afirka ta Yamma tana cikin wannan tafiya tun tana jaririya. A jerin kayan kowane ɗaki akwai ƙaramin injin sassaƙa, a lokacin galibi Modela na kamfanin Roland na Japan, kuma ɗaya daga darussan farko shi ne ɗalibi ya sassaƙa allonsa da kansa.

Na biyu shi ne manhajojin kyauta. Jean-Pierre Charras, malami a Grenoble ta Faransa, ya fara KiCad a 1992 domin zana alluna, daga 2013 kuma cibiyar binciken CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Na uku shi ne ƙwaƙwalwa mai araha. Allon Arduino ya fito daga garin Ivrea na Italiya a 2005, a 2009 kuma Simen Svale Skogsrud ɗan ƙasar Norwe ya saki GRBL, ƙaramar manhajar da ke sa Arduino ya fahimci G-code ya juya injuna. Aikin da a 1952 ya buƙaci akwatunan lantarki da suka kusa cika ɗaki, ya koma cikin allon da bai kai tafin hannu ba. Daga nan aka sami injuna irin su Othermill na 2013, wanda kamfaninsa ya koma Bantam Tools a 2017, sannan masana'antun Sin suka cika kasuwa da ƙananan injuna irin samfurin 3018, waɗanda mai saye ke harhaɗawa da kansa.

6.0 Tafiyar Zane Daga Kwamfuta Zuwa Haƙori

Idan aka bi zane guda a yau, za a ga dukkan wannan tarihi a jere.

Da farko mai zane yana tsara kayan da hanyoyin a manhaja irin KiCad, ya fitar da fayil ɗin Gerber na hanyoyi da na Excellon na hudoji.

Sai fassara, wadda ita ce zuciyar aikin. Gerber yana faɗin inda jan ƙarfe zai zauna, inji kuwa yana buƙatar a gaya masa inda zai yanka. Manhaja irin FlatCAM ce ke juya maganar: ta dubi kowace hanya, ta ja layi a kewayenta, nesa da gefenta da rabin faɗin haƙori. Haƙorin da aka saba amfani da shi a ɗakunan Fab Lab faɗinsa kimanin milimita 0.4 ne. Idan mai zane ya bar tazarar da ba ta kai haka ba tsakanin hanyoyi biyu, haƙorin ba zai ratsa ba, hanyoyin za su zauna a haɗe, ranar da aka ba allon wuta ya ƙone. Inji ba zai yi gargaɗi ba. Saboda haka mai zane na ƙwarai yana zana ne da faɗin haƙorinsa a zuciya, kamar yadda mai ɗinkin hula ke tsara ado gwargwadon allurarsa.

Abin da ke fitowa daga fassarar shi ne dubban layukan G-code. G21 ya ce da milimita za a auna. G90 ya ce a ƙirga kowane matsayi daga wuri guda da aka tsayar. G01 Z-0.1 ya ce a nutsa haƙori kashi ɗaya cikin goma na milimita. G01 X20 Y15 ya ce a tafi wancan matsayi ana yanka. Injunan Roland suna da nasu yaren mai suna RML, amma ma'anar ɗaya ce.

Daga nan sai shirya inji. Ana manne farantin a kan wani katako da aka daidaita, a nuna wa inji inda zai ɗauka a matsayin sifili. Tun da zurfin yankan bai wuce milimita 0.1 ba, ɗan kumburi kaɗan a farantin ya isa ya sa haƙori ya wuce ta sama a wani gefe, ya nutse da yawa ya karye a wani. Shi ya sa ake sa haƙorin ya taɓa fuskar farantin a wurare da dama kafin a fara, manhaja ta gyara zurfin kowane layi. Ɗakuna da yawa sun fi son faranti samfurin FR-1, na takarda da ƙaro, domin FR-4 yana da zaren gilashi mai cinye haƙori, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu.

A ƙarshe sai aikawa. Ƙwaƙwalwar GRBL ba ta ɗaukar fayil gaba ɗaya, don haka kwamfuta tana tura layukan kaɗan-kaɗan ta wayar USB, inji yana amsa kowane layi da "ok" domin a ƙaro masa. Zirin takardar 1952 ne ya koma waya, har yanzu layi bayan layi ake karantawa. Wannan yana da muhimmanci a ƙasashenmu, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ƙaramin inji yakan manta inda yake, a yi asarar faranti da haƙori. Batir na tsaye ko hasken rana wajibi ne ga wanda zai kafa irin wannan sana'a.

7.0 Darasi ga Zongon Kwatano

Kalmar Zongo daga zango take, wato masaukin ayari. Tun kafin Turawa su iso, fataken Kano da Katsina suna ratsa arewacin ƙasar da ake kira Benin a yau, ta Nikki da Parakou da Djougou, zuwa Salaga a ƙasar Gwanja domin sayo goro. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa har bakin teku. Da Kwatano ta bunƙasa a zamanin Faransa, da jirgin ƙasa zuwa Parakou, da babbar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965, sai ta zama ƙofar kayan da ke haurawa Nijar ta Malanville da Gaya. Zongonta, da babban masallacinsa, ya zama masaukin Hausawa da sauran Musulmin arewa.

Ƙarfin kowane zango yana ga tsayawa tsakani. Mai gida yana saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya yi masa tafinta. Sana'a ce mai daraja, kuma ita ta riƙe al'ummar tsawon ƙarnoni. Amma a harkar lantarki wannan matsayi yana da iyaka. Ɗan kasuwa yana sayar da abin da aka ƙera a Shenzhen, mai gyara yana canza abin da ya lalace da irinsa, zanen kuwa yana hannun wani can.

Maƙwabta sun riga sun fara gwada wata hanya. A Lome, Sénamé Koffi Agbodjinou ya kafa WoeLab a 2012, inda Afate Gnikou ya harhaɗa injin buga abubuwa masu jiki daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013. A Kwatano kanta Médard Agbayazon ya kafa BloLab, wanda ya yi suna da koya wa matasa haɗa kwamfuta a cikin jarka. Sunayen biyu daga harsunan gida aka ɗauko su, Ewe da Fon, kuma dukkansu suna ɗauke da ma'anar yi ko aikatawa.

Ya kamata a faɗi iyakar injin tebur a fili. Ba zai ƙera allon wayar hannu ba, domin wancan hawa-hawa ne, takwas ko goma ko fiye, da hanyoyin da ido ba ya rabewa. Injin tebur fuska ɗaya ko biyu yake iyawa, ba ya shafa koren rufi, ba ya lulluɓe cikin hudoji da jan ƙarfe. Haka kuma masana'antun Sin irin JLCPCB suna buga alluna biyar masu inganci a kan 'yan daloli kaɗan, ko da yake kuɗin aikowa yakan fi kuɗin allunan, ga jira. Amfanin injin tebur yana ga lokaci da gwaji. A ɗauka ga mai gyara da ke son allon da zai kashe famfon rijiya idan tanki ya cika, ko mai daidaita zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko mai kare batirin sola daga cika fiye da kima. Duk waɗannan alluna ne masu sauƙi. Zai zana da safe, ya sassaƙa da hantsi, ya liƙa kayan da dalma, ya ga kuskurensa da azahar, ya gyara kafin magariba. Idan zanen ya zauna daram, sai ya aika fayil ɗin Gerber ɗin nan zuwa masana'anta a bugo masa ɗari. A wannan karon shi ne mai zane, masana'antar ce ke yi masa aiki, kuma hanyoyin kasuwancin Zongo da suka kai Maraɗi da Kano suna nan domin rarraba kayan.

Sai dai gargaɗin Noble yana nan. Wanda ya sayi inji bai koyi zane ba, zai riƙa sauko da fayilolin wasu daga intanet yana yankawa, ya zama mai tsaron inji kurum. Koyon zanen kuma yana da shinge na harshe, domin akasarin littattafai da darussan wannan fanni da Ingilishi ko Faransanci suke. Yaron Zongo da ya yi boko yana da Faransanci, amma da yawa daga masu hannun gyara a rumfa suka koya, da Hausa ubangidansu ya nuna musu. A nan ne ɗaliban Hausa suke da aiki: su zauna da masu sana'ar, su tattara kalmomin da suke amfani da su tun da can, su ƙirƙiri waɗanda babu, su rubuta darussa masu sauƙi. Kalmomin allo da haƙori da hanya da aka yi amfani da su a nan shawara ce, bakin masu sana'a ne zai tabbatar da su ko ya sauya.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa aika zane zuwa injin sassaƙa gadon shekara fiye da 200 ne. Jacquard ya sa ado a kati, Parsons da MIT suka sa motsin maƙeri a lambobi, Eisler ya mai da wayoyi zane, Gerber ya ba zanen harshe, Fab Lab da KiCad da GRBL suka sauko da duka zuwa kan tebur. A yawancin wannan tarihi, rubuta umarni yana nisanta ƙwarewa daga ƙaramin mai sana'a. Yanzu da manhajar ta zama kyauta, injin kuma ya yi arahar da ƙungiyar masu gyara ko makarantar koyon sana'a za ta iya saye, dama ta samu ta dawo da ita. Abin da ya rage ga Zongon Kwatano da takwarorinsa shi ne samar da matasan da suka iya zana allo, da malaman da za su koya musu da harshen da suke ji.